Daga miyar kuka zuwa kulorokwin: Yadda masana ke rarraba halittu da dalilin da ya sa suke sauyawa

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan kafin shekarar 2000 zai iya tuna ɗacin kulorokwin da ƙaiƙayin da yake sa wa mutane da yawa, har wasu su kwana suna susa. Duk da haka ana shan sa, domin yana da araha, kuma kwana uku sun isa ya sauke zazzaɓin cizon sauro. A hankali sai aka fara ganin yaro ya shanye maganin tas, amma bayan kwanaki zazzaɓin ya dawo. Lamarin ya ci gaba da ta'azzara har zuwa 2005, lokacin da Najeriya ta sauke kulorokwin daga matsayin maganin farko na maleriya, ta koma kan haɗin magungunan da ake kira ACT.

A lokacin an yi ta kawo dalilai. Wasu suka ce jabun magani ne ya cika kasuwa, wasu suka ce jinin mutanen yanzu ne ya raunana. Jabun magani kam akwai shi, sai dai ko kulorokwin na gaske, wanda aka gwada ingancinsa, ya daina aiki yadda ya kamata. Maganin yana nan yadda yake tun da aka haɗa shi a Jamus a 1934. Ƙwayar cutar ce ta sauya. Fahimtar yadda hakan ya faru tana buƙatar darussa biyu da akan koyar a makarantun sakandare, waɗanda yawancinmu muka haddace don jarrabawa muka manta: yadda ake rarraba halittu, da yadda suke sauyawa daga zuriya zuwa zuriya.

Suna guda ga duniya baki ɗaya

Abin da Bakano ke kira kuɓewa, Basakkwace guro yake ce masa. Yakuwar Kano ita ce suren Sakkwato. Idan har a cikin harshe ɗaya ana samun wannan bambanci, mai karatu zai iya ƙiyasta irin ruɗanin da za a shiga idan likitan Sin da manomin Burazil da malamin jami'a a Zariya suna son tattaunawa kan tsiro guda. Wannan matsala ce wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya warware. A 1735 ya fitar da littafinsa na tsara halittu, sannan daga 1753 ya daidaita ba kowane tsiro suna mai kalma biyu da harshen Latin, kafin ya yi wa dabbobi haka a 1758. Kalmar farko sunan gida ce, ta biyu kuma sunan jinsi, kamar dai yadda mutum ke da sunan gidansu da sunan yanka.

Itacen kuka misali ne mai kyau. Linnaeus ya raɗa masa suna Adansonia digitata. Kalmar farko girmamawa ce ga Michel Adanson, wani Bafaranshe da ya isa Senegal a 1749 ya yi nazarin itacen. Ta biyu tana nufin mai yatsu, domin ganyen kuka a ware yake kamar yatsun hannu. Haka wake ya zama Vigna unguiculata, dawa ta zama Sorghum bicolor, zogale ya zama Moringa oleifera. Duk inda aka faɗi waɗannan sunaye a duniya, abu ɗaya ake nufi.

Bayan suna sai tsari. Ma'aikacin gwamnati ya san cewa gida yana cikin unguwa, unguwa cikin gunduma, gunduma cikin ƙaramar hukuma, ita kuma cikin jiha. Haka masana suka jera halittu hawa-hawa: jinsuna masu kusanci a gida ɗaya, gidaje a dangi ɗaya, dangi-dangi a rukuni, rukunai a aji, har a kai ga manyan masarautu irin su dabbobi, tsirrai, dangin naman kaza da fumfuna, da ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya waɗanda ido ba ya gani.

Wannan tsari yakan zo da abin mamaki. Kuka da kuɓewa da lalo da rama da yakuwa da auduga da goro, duk dangi ɗaya ne da ake kira Malvaceae. Yauƙin da uwargida ke nema a miyar kuka da ta kuɓewa da ta lalo hali ne na dangin. A da, masana sun ware kuka da goro da lalo a dangi daban-daban, sai a ƙarshen shekarun 1990 binciken sinadarin gado na DNA ya nuna kusancinsu, aka haɗe su. A ɗaya ɓangaren kuma, dankalin Turawa da dankalin Hausa suna ɗaya suke amsawa a kasuwa, amma danginsu daban. Dankalin Turawa ya fi kusa da tumatir da barkono da gauta da taba. Hausawa sun riga sun faɗa, kama da wane ba ta wane. Jemage yana tashi sama, amma haihuwa yake yi yana shayarwa, don haka ajinsa ɗaya da akuya, ba da shaho ba.

Mene ne jinsi?

Ma'aunin da aka fi amfani da shi ga dabbobi shi ne haihuwa. Halittu jinsi ɗaya ne idan za su iya barbara su haifi 'ya'yan da su ma za su haihu. Balami da Uda da 'Yanƙasa sun bambanta a girma da launi da farashi a kasuwar raguna, amma duk jinsi ɗaya ne na tumaki, kuma suna haihuwa da juna. Doki da jaki kuwa gida ɗaya suke, jinsi daban. Idan aka haɗa su akan sami alfadari, mai ƙarfi da juriya, amma kusan ko yaushe ba ya haihuwa. Dalili shi ne bayanan gado a ƙunshe suke cikin wasu ƙulle-ƙulle da ake kira kuromosom: doki yana da 64, jaki 62, alfadari kuma 63, adadin da ba ya rabuwa biyu daidai a lokacin samar da ƙwayoyin haihuwa.

Amfanin wannan rarrabewa yana bayyana a gaban kantin kemis. Mura, bairos ne ke kawo ta. Taifod, bakteriya ce mai suna Salmonella Typhi. Maleriya kuwa wata halitta ce mai ƙwaya ɗaya daga gidan Plasmodium, wadda tsarin jikinta ya yi nisa ƙwarai da na bakteriya. Jinsuna biyar na wannan gida ne aka sani suna kama mutum, kuma Plasmodium falciparum, wanda ya fi kisa, shi ya fi yawa a Najeriya. Dukkan cututtukan uku suna zuwa da zazzaɓi da ciwon kai, amma maganin da ke fasa bangon bakteriya, irin su amoksisilin, ba ya taɓa bairos kuma ba ya kashe Plasmodium. Wanda ya sha shi don mura ya yi asarar kuɗinsa, kuma kamar yadda za a gani a gaba, ya jawo wata ɓarnar.

Daga ina kamannin suka fito?

Linnaeus ya tsara halittu, amma bai bayyana dalilin da ya sa suke zuwa dangi-dangi ba. Me ya sa ƙasusuwan da ke cikin fiffiken jemage su ne dai ke cikin hannun mutum da ƙafar gaba ta doki, sai dai tsawo da kauri su bambanta? Me ya sa raƙumin dawa, duk tsawon wuyansa, ƙashin wuya bakwai gare shi, daidai da ɓera?

Amsar da ilimin kimiyya ya tsaya a kanta ta fito ne daga Turawan Ingila biyu, Charles Darwin da Alfred Russel Wallace, waɗanda aka karanta bayanansu tare a Landan a 1858. A shekarar da ta biyo baya, 1859, Darwin ya wallafa littafinsa kan asalin jinsuna. Ya fara ne da abin da kowane makiyayi ya sani, wato kiwo, musamman na tattabaru. Mai kiwo yakan zaɓi wanda ya fi kyau ya bar shi ya haihu, ya sayar da sauran, kuma bayan zuriya da yawa sai garken ya sauya kama. Haka manoman Meziko suka mayar da wata ciyawa mai ƙananan tsaba ta zama masara cikin dubban shekaru.

Darwin ya ce irin wannan zaɓi yana faruwa a daji ba tare da makiyayi ba, muddin abubuwa huɗu sun haɗu. Na farko, 'ya'yan jinsi ɗaya ba sa zama iri ɗaya sak. Na biyu, wasu daga cikin bambance-bambancen ana gadon su, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na uku, ana haihuwar fiye da adadin da abinci da muhalli za su iya ɗauka. Na huɗu, waɗanda halinsu ya fi dacewa da yanayin da ake ciki su ne suka fi rayuwa su bar zuriya. Idan aka maimaita wannan tankaɗe da rairaya sau dubbai, halin da ya dace yakan mamaye jinsin. Idan kuma wani ɓangare ya rabu da 'yan uwansa na dogon zamani, yakan iya zama jinsi mai zaman kansa. Wannan shi ake kira juyin halitta, kuma a mahangar masana, dangi irin na kuka da kuɓewa sun yi kama ne saboda tushensu ɗaya.

Darwin bai san yadda gado ke aiki ba. Gwajin Gregor Mendel kan wani nau'in wake, wanda aka buga a 1866, da gano tsarin DNA a 1953, su suka cike giɓin. Yanzu an san cewa duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu, sai ta kwafi bayanan gadonta, kuma jifa-jifa akan sami kuskuren kwafi. Yawancin kurakuran ba su da tasiri, wasu suna cutarwa, kaɗan kuma sukan zo da amfani.

Yadda kulorokwin ya faɗi

Ƙwayar maleriya tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta ci sinadarin da ke ɗaukar iska a cikinsu. Cin nan yana barin wani saura mai guba, wanda ƙwayar ke daskarar da shi don kada ya kashe ta. Aikin kulorokwin shi ne ya taru a cikin tumbin ƙwayar ya hana wannan daskarewa, gubar ta hallaka ta.

A jikin majinyaci ɗaya ana iya samun biliyoyin ƙwayoyin cutar, suna ninkuwa duk bayan awa 48. A cikin irin wannan taro, a wurare daban-daban na duniya, an sami waɗanda kurakuran kwafi suka ba su damar fitar da maganin daga tumbinsu kafin ya yi aiki. Kafin zuwan kulorokwin wannan hali bai amfane su da komai ba. Da maganin ya bazu ko'ina, sai ya kashe sauran ya bar su, sauro ya ɗauke su ya kai wa wani. Abin lura a nan shi ne ƙwayar ba koyon jure magani ta yi ba, kuma jikin mutum ba sabawa ya yi da shi ba. Maganin ne ya tace masu rauni ya bar wa masu juriya fili.

An fara ganin wannan juriya a ƙarshen shekarun 1950 a iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya. Ta isa gabashin Afirka a 1978, kuma cikin shekarun 1980 ta ratsa nahiyar zuwa yamma, mutuwar yara ta ƙaru a wurare da dama. Maganin Fansidar da aka koma wa a ƙasashe da yawa shi ma bai daɗe ba ya bi sahu.

Ƙasar Malawi ta ba da hujjar da ta ƙara tabbatar da bayanin. Ta daina amfani da kulorokwin a 1993. Bayan shekara 12 aka sake gwada shi a birnin Blantyre, sai aka tarar yana warkar da kusan kowa. Ashe juriyar tana da tsada ga ƙwayar: idan babu magani, masu juriya sun fi 'yan uwansu rauni, don haka suka ragu. Da yanayi ya sauya, sai zaɓin ma ya juya.

Darasin Birnin Kebbi da Garki

Sauron da ke ɗaukar cutar ma ya bi wannan hanya. Akwai jinsunan sauro kusan 3,500 a duniya, amma maleriyar mutum sai ta bakin matan gidan Anopheles. A tsakiyar shekarun 1950 an yi aikin gwaji na fesa magani a bangon ɗakuna a yankin Birnin Kebbi, kuma cikin ƙasa da shekara biyu aka gano sauron Anopheles gambiae da maganin dieldrin ba ya kashewa. Gwaje-gwajen da aka yi a Landan sun nuna cewa gadon wannan juriya ake yi bisa ƙa'idar Mendel.

Daga 1969 zuwa 1976 kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani babban bincike a ƙauyukan Garki, a Jihar Jigawa ta yanzu. An fesa ɗakuna, an raba magani ga jama'a, cutar ta ragu ƙwarai, amma ba a iya katse yaɗuwarta ba, kuma ta dawo bayan an tsaya. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya sauka a bango bayan ya yi cizo, waje yake fita ya huta. Wani masani ɗan Italiya, Mario Coluzzi, ya nuna cewa wannan bambancin hali yana da alaƙa da bambanci a kuromosom ɗin sauron. Abin da ido ke gani sauro ɗaya, ashe tarin jinsuna ne masu kama ɗaya da ɗabi'u daban. A 2013 aka raɗa wa ɗaya daga cikinsu suna Anopheles coluzzii don tunawa da shi.

Mazauna birane suna da sabon dalilin kula da wannan fanni. Anopheles stephensi, sauron Asiya da ke hayayyafa a tankunan ruwa da randuna da wuraren gini, ya ɓulla a Jibuti a 2012, kuma an same shi a Jihar Gombe a samfuran da aka tattara a 2020. Da ba don masu iya bambance jinsi da jinsi ba, da babu wanda zai san baƙo ya shigo.

Sikila: tabon maleriya a jininmu

Maleriya ta bar alama a jikin ɗan Adam ma. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da rukunin jini na AS, alhali a arewacin Turai abin yana da wuyar samu. A 1954 Anthony Allison, wanda ya yi bincikensa a gabashin Afirka, ya nuna dalili: yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga maleriya mai tsanani. A yankin da cutar ta shafe dubban shekaru tana kashe yara, masu AS sun fi kaiwa ga girma su haihu, don haka halin ya yawaita. Farashin wannan kariya shi ne idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato amosanin jini. Lissafin sabo ne a kowane ciki, samun ɗa mai sikila ba ya nufin uku na gaba za su tsira. Wannan lissafi na Mendel shi ne tushen gwajin jini kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024. Ya kamata kuma a sani cewa mai AS yana kamuwa da maleriya, kuma yana buƙatar magani kamar kowa.

Batun asalin ɗan Adam

A nan ne masu karatu da yawa kan ja daga, kuma bai dace a kauce wa batun ba. Masana kimiyya sun sanya mutum cikin ajin masu shayarwa da sunan Homo sapiens, suna kuma riƙe da cewa shi da manyan birai tushe ɗaya suka fito a zamani mai nisa. Ba su ce birin da ake gani yau ne ya rikiɗe ya zama mutum ba, kamar yadda akan faɗa a majalisa. Musulmi da Kirista da yawa ba su karɓi wannan ɓangare ba, saboda abin da littattafansu suka zo da shi game da halittar Annabi Adamu (AS), kuma malaman addini sun daɗe suna tattauna batun. Wannan shafi ba zai yanke wannan hukunci ba. Amma sauyawar ƙwayar maleriya da ta sauro abu ne da aka auna a ɗakin gwaji cikin rayuwar mutanen da ke raye yau, kuma likita mai sallah biyar da wanda ba ya yi duk da shi suke aiki.

Abin da ya rage gare mu

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke, don haka babu ƙasar da za ta fi mu asara idan ACT ya bi bayan kulorokwin. An haɗa magani biyu a cikinsa ne da gangan: sinadarin artemisinin ya kashe mafi yawan ƙwayoyin cikin sauri, abokin haɗinsa ya share ragowar, domin da wuya ƙwaya ɗaya ta zo da juriyar duka biyun a lokaci guda. Duk da haka an riga an tabbatar da ƙwayoyin da ke jinkirin mutuwa da artemisinin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya.

Wanda ya sha magani kwana ɗaya, ya ji sauƙi, ya ajiye sauran don wani lokaci, ya kashe masu rauni ne ya bar masu taurin kai. Haka mai sayar da maganin da sinadarinsa bai cika ba, da mai shan maganin bakteriya don mura, da mai kiwon kaji da ke zuba shi a ruwansu kullum ba tare da ciwo ba. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi wannan gargaɗi tun 1945. Matakan da ke hannun kowa ba su da yawa kuma ba su da wuya: a yi gwajin jini kafin a sha maganin maleriya, a sayi mai lambar rajistar NAFDAC, a shanye shi har kwana ukun da aka ƙayyade ko da jiki ya yi sauƙi, a kwana cikin gidan sauro, a rufe tankuna da randunan ruwa. Samar da sabon magani yakan ci fiye da shekara goma da maƙudan kuɗi, ita kuwa ƙwayar cutar tana sabunta zuriyarta duk bayan kwana biyu.